Garkar Babanmu da Littafin Madam

Kwana biyar na yi a kan buhunan albasa kafin in ga teku. Rana ta gasa ni daga sama, albasa ta turara ni daga ƙasa, a kowace iyaka kuma sai an sauke mu an jera, mai kaki ya juya katin shaidata gaba da baya, ya dube ni, ya sake duban katin, sa'annan ya miƙo hannu. Sunana Nomau, ni mutumin Badagishiri ne, kuma abin da na iya a duniya shi ne albasa. Babanmu ya rasu ya bar mana garka ɗaya ta noman rani a cikin kwari, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ni da yayana Haruna muke nomanta, ita ke ci da mu, da Inna, da iyalinsa. Jan guga ya ishe mu, shi ya sa na biyo motar wani Alhaji na Malbaza zuwa kurmi, da niyyar in yi shekara guda in dawo da injin ban ruwa. Ƙasar da na je ba zan faɗi sunanta ba, don akwai mutanen kirki a cikinta da ba na so a zage su tare da sauran.

Ta farkonsu ma a iyakar ƙarshe na haɗu da ita, lokacin da aljihuna ya riga ya bushe. Tsohuwa ce mai sayar da soyayyar ayaba. Ta ga ina kallon kaskonta ina kawar da kai, ta naɗe yanka huɗu a ganye ta dangwara mini a cinya. Na fara lalube don in nuna mata ba ni da ko dala, ta make mini hannu ta koma wurin wutarta. Ko kalma ɗaya ta yarenta ban ji ba, kuma ban sake ganinta ba.

Kasuwar albasa ta birnin tana bayan zango, kuma rabin mutanenta namu ne: 'yan Galmi, 'yan Dogarawa, 'yan Konni. Shugabansu Alhaji Ɗanbaba, wanda ake kira Sarkin Albasa, mutumin Dogarawa ne da ya tsufa a can. Kasuwar nan ba ta san takarda ba. Matan garin sukan ɗauki mota guda ta albasa a kan magana kawai, su sayar, su kawo kuɗi. Wadda ta yi alkawari a gaban Sarki ta saɓa, ko buhu ɗaya ba za ta ƙara gani ba. Aikin zaɓe aka ba ni. In danna babban yatsa a wuyan albasa, in ji ƙarar ɓawonta, in sansana, in faɗa maka wadda za ta kai wata uku da wadda ba za ta kai jibi ba. Ina samu daidai gwargwado, sai dai kewar gida ta hana ni sakewa. Ruwan sama ba ya gajiya a garin nan, riga ba ta bushewa, tuwonsu mai tsami ne, fura kuwa sai dai a ba da labarinta.

Kewar nan ce ta kai ni ta baro. A wata na uku, ina zaune bakin titi bayan la'asar, wani mutum cikin shadda mai maiƙo ya tsaya a kaina ya ce, “Ɗan'uwa, kai ba mutumen Adar ba na?” Jin maganar gida a bakinsa ya narkar da ni. Ya ambaci Illela, ya ambaci Bazaga, ya tambayi damina. Sa'annan ya ce yana da kwali shida a bayan wani shago, in tura masa su a amalanke zuwa tasha, shi zai yi gaba ya kama mota. Ko ladan ban tsaya yankewa ba, wai ni mai zumunci. Ban kai kwanar farko ba mai shagon ya cim mini da 'yan sanda biyu. Atamfofi ne na sata a kwalayen, ɗan'uwan nawa kuwa ko ƙurarsa. Alƙali ya ba ni wata huɗu. Ban aika wa Sarki ba, ban aika gida ba, don na gwammace a ɗauka na ɓata da a ji ɗan Malam Idi yana gidan kaso da sunan ɓarawo.

A ɗakin da aka sa ni, wanda ya fara yi mini Hausa wani dattijo ne, Baba Tanimu. A zangon garin aka haife shi, kakansa Bagobiri ne, amma shi bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, kuma shekarunsa a kaso sun yi nisa saboda wani rikicin fili. Shi ya nuna mini yadda gidan yake. Abinci, tabarma da ruwan wanka duk a hannun wata 'yar kwangila suke, wadda kowa ke kira Madam. Akawunta yakan zauna kusa da tukunya da wani ƙaton littafi, duk wanda ya miƙa kwano sai ya ja masa layi a shafinsa. Sabon shiga kuwa sai ya kwana uku kafin a buɗe masa shafi, kuma kafin nan ba shi da kwano. Kwana ukun nan da rabin garin rogon Baba Tanimu na yi su.

Ranar da na fara karɓar kwanona, na zauna ke nan zan ci, sai aka turo wani sabo, fuskarsa a kumbure. Ya raɓe a bango yana kallon hannuna. To a garinmu ba a kai loma baki mutum na kallo. Na ce masa bismillah, bai gane ba, sai na tashi na ari kwano na koma wurin tukunya. Akawu ya dube ni, ya yi murmushi, ya ja layi, aka zuba. Na ce a raina ashe mutanen nan ba su kai yadda ake faɗa ba. Daga ranar duk wanda aka turo ɗakinmu baƙona ne sai shafinsa ya buɗe. Ban tambayi ƙabila ba, ban tambayi laifi ba. Har tabarma nakan karɓo musu. Mutanen ɗaki suka sa mini Mai Masauki, ni kuma, ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Baba Tanimu ya ja ni gefe tun a makon farko. Ya ce, “Nomau, kwanon nan da kake karɓowa ba sadaka ba ne. Layin nan kuɗi ne, kuma a wuyanka yake.”

Na yi dariya na ce, “Haba Baba! Wa ka taɓa ji ya ɗaure akuya sa'annan ya ce ta biya shi kuɗɗin dussa? Wanda yaɗ ɗaure shi ka ba da abinci. Ƙidaya ta kawai, don su san yawan tuwon da za su tuƙa.”

Ya girgiza kai ya ce, “Nan ba garinku ba ne.” Sau biyu ya sake faɗa mini, sau biyun ina mayar da shi wasa. Kaina yana da tauri, wannan Inna ta daɗe da sani.

Ranar da wata huɗuna suka cika na tashi da farin ciki. Na ba wani tabarmata, na ba wani sauran sabuluna, na yi sallama da kowa har da rungume-rungume. Aka kai ni buro, wato ofishin gidan, Baba Tanimu yana biye don ya yi tafinta. Akawu ya buɗe littafi ya juyo mini shi. Shafin sauran mutane ɗaya ne, nawa uku ne da rabi. Kuɗin kwana, kuɗin ruwa, kuɗin tabarmi har da waɗanda ban taɓa kwanciya a kansu ba, da kwanukan baƙina ɗaya bayan ɗaya. Na sa Baba Tanimu ya juya mini jimlar zuwa sefa, kuɗinmu na gida, ya juya, na ce ya sake. Kuɗin ya isa a sayi injin da ya raba ni da gida har guda uku. Aka ce hukuncin alƙali ya ƙare, amma ƙofa ba ta buɗuwa sai an biya, kuma duk kwanan da na ƙara za a rubuta shi. Ko doka ce, ko al'adar gidan ce kawai, har yau ban sani ba. Na koma ɗakin da na yi wa ban kwana da safe, ba tabarma, sai da aka karɓo mini wata aka ja mini sabon layi.

Kwana biyu ina fama da zuciyata kafin na roƙi wani gandiroba ya ara mini salula. Ita ma an rubuta. Ranar kasuwar Badagishiri ce, da Haruna ya ɗauka sai na ji kukan jakuna da hayaniyar masu awo, hawaye suka zubo mini kafin in ce komai.

“Nomau? Kai na? Wata huɗu muna biɗar ka! Kana ina?”

“Ina kaso, Yaya.”

Na zayyana masa komai, ina jiran faɗa, amma bai yi ba. Ya ce, “Nawa na?” Na faɗa. Sai ya ce, “To. Alhaji Mudi da ke iyaka da mu ya daɗe shina son garkag ga. In na tahi gare shi yau, jibi ka ga kuɗɗi.”

“Yaya, don Allah kak ka taɓa garka.”

“In bar ka ka ruɓe can? Inna ta bar cin abinci. Ƙasa ana samun wata, kai in na rasa ka ina za ni samo wani?”

Ni da shi duk mun san ba a samun wata. Waɗanda suka sayar a kwarin nan, yau ƙwadago suke yi a gonakin iyayensu, ana biyansu da yamma. Na ce, “Ba ni kasuwa ukku.”

“Kasuwa ukku kana da mi?”

“Ban sani ba. Ba ni dai.”

Ya ja numfashi. “Ran kasuwa ta ukku, in ban ji muryarka daga waje ba, bayan azahar muna zauren maigari da shaidu. Kuma kak ka sake roƙona.”

Ba ni da wata dabara, gaskiya ke nan. Mu da muka gama hukunci ba mu biya ba, mu ake sawa aikin gidan kyauta. Washegari aka ce in kai buhunan shinkafa sito na bayan kicin. Ana buɗe ƙofa warin ya doke ni, warin da ko a mafarki na san shi. Ashe Madam tana cinikin albasa. Takan saya lokacin araha ta ajiye a siton kaso, inda ba ta biyan haya, sai ta yi tsada. Buhuna ne har rufi, a kan siminti, manne da bango, an lulluɓe su da leda, ba taga. Kuma tamu ce, ja mai ruwan shuɗi, irin ta kwarinmu. Na jefar da shinkafar na fara zagi da Hausa. Wani bawan Allah ya yi wata huɗu yana jan ruwa, ya raini abin nan kamar jinjiri, a zo a shaƙe shi a ɗaki! Na kwance buhu ɗaya na zazzage a ƙasa. Gandiroba ya zuba mini kulki a kafaɗa, ban ma juyo ba, ina ta warewa.

A haka Madam ta same ni, wata ƙatuwar mace mai tabarau a igiya. Aka kira Baba Tanimu. Na ɗauki albasa biyu da ido ba zai raba su ba, na ce ta yanka. Ɗaya garau, ɗaya baƙa tun daga wuya. Na ce in aka bar su haka, nan da kwana goma sai dai ta kira masu shara. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce me nake bukata.

Na sa aka kawo gora, na yi gado mai tsayin gwiwa kamar yadda muke yi a rudu, rumbun ciyawar da muke ajiye albasa a gida don iska ta ratsa ta. Na sa aka fasa bango a wuri biyu. Na ware kashi uku: ta ajiya, ta sayarwa yanzu, da wadda ta fara taɓuwa. Ita wannan na yanke ɓarnar, na busar da sauran a saman murhun kicin, na daka na yi gabu, ranar nan miyar kaso ta yi ƙamshin da ya sa mutane leƙe. Kasuwa ta farko ta wuce ina cikin wannan. Madam ta sayar da kashi na biyu da riba, ta zo tana fara'a, ta kawo mini burodi da nama a leda. Ina ci ina godiya, sai na hango akawu ya buɗe littafi ya ja layi.

Da na koma ɗaki Baba Tanimu ya ce, “Ka gani? Da kana cin abincinta ne kawai. Yanzu kana kawo mata riba. Wa zai buɗe wa irinka ƙofa?”

Kasuwa ta biyu ta wuce da maganar nan a raina. Sai Madam ta aiko cewa sababbin motoci sun iso, za a fita da ni da ankwa in zaɓar mata mota guda, don a bara an cuce ta da rabin mota ruɓaɓɓiya. Na zauna a bakin sito na miƙe ƙafafu. Na ce wa Baba Tanimu, “Gaya mata, abin da yash shiga cikina dut ta rubuta. Ina littahin abin da yah hito daga hannuna? In kwanana na da kuɗɗi, to wunina ma na da kuɗɗi.” Ya ce in sake tunani. Na ce ya faɗa yadda na faɗa.

Kwana biyu na yi a ɗakin horo, wanda ba a iya miƙe ƙafa a cikinsa. Na ji tsoro, kada in yi ƙarya, kuma na yi ta ƙirga kwanakin da suka rage wa garka. Amma na san abu ɗaya da ita ma ta sani: mota ba ta jira, kuma masu kyau ake fara kwashewa. A rana ta uku aka fito da ni, na tarar da ita a buro tana kaɗa ƙafa. Ta ce za ta cire kwanukan baƙi. Na ce albarka. Ta ce za ta raba jimlar biyu. Na ce albarka, na juya kamar mai komawa ɗakin horo. Ta yi tsaki ta ce wa Baba Tanimu, wannan ɗan kaso ne ko ɗan kasuwa? Na ce in zaɓar mata mota, in koya wa mata biyu cikin ma'aikatanta zaɓe da yin gado, ita kuma ta soke shafina gaba ɗaya. Ta ce ta yarda. Saurin yardar nan bai kwanta mini ba. Magana ce a cikin ɗaki, tsakanin mai ankwa da wadda masu makulli ke cin tuwonta.

Shiga kasuwar nan ya fi mini ɗakin horo wuya. Gajeren wandon kaso, ankwa a hannu, gandiroba a baya, ga mutanen da na yi wata biyar ina ɓoye wa halina. Na ji ana cewa, “Kai, ba Nomau ba na?” Na so ƙasa ta tsage. Madam ta nufi motoci, ni kuma na karkata zuwa rumfar Sarki, gandiroba yana jan ni ina jan sa. Na durƙusa na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na faɗi labarin amalanke, da wata huɗu, da littafi, da garkar da za a sayar nan da kwana huɗu. Sa'annan na ce, “Ranka shi daɗe, ga cinikin da munka yi da matag ga. Ina son ka zam shaida.”

Sarki ya dube ni. Ya ce, “Sakarai. Kana nan bayan kunnenmu, kunya ta hana ka aiko? Mun aza wurin ginar zinariya kat tahi. Da ka yi magana da mun haɗa maka.”

Na ce, “Na gode, ranka shi daɗe. Ban son in hito daga wani littahi in shiga wani.”

Ya yi ɗan murmushi, ya sa aka kira Madam. Ya tambaye ta da yarenta, a gaban dillalai da 'yan dako da direbobi, ko haka aka yi. Ta dube ni kallon da ba zan manta ba. Ta dubi motocin. Ta ce haka aka yi.

Aka cire mini ankwa na hau mota ta farko. Saman buhunan kamar a yi musu hoto, amma da na tura hannu tsakiya sai na ji sanyi. An cika ta da taki, an cire ta da ruwa a wuya. Na ce ba ta yi ba. Mai ita, wani ɗan Galmi da muka sha shayi tare, ya ce, “Kai ɗan gida za ka yi mani haka?” Na ce, “Garkarmu ta a kai, yi haƙuri.” Mota ta biyu ɓawonta na ƙara kamar busasshen ganye, na buɗe buhu goma daga wurare daban-daban, na ce a sauke. Kwana uku na yi ina koya wa matan nan biyu, kuma na koya musu tsakani da Allah, ban rage komai ba.

Safiyar ranar kasuwa ta uku aka kai ni buro. Akawu ya nuna mini shafuka uku da rabi an ja musu dogon layi, na ce alhamdulillahi. Sai ya juya wani sabon shafi. Wai cinikin ya tsaya ne a ranar da aka yi shi, akwai kwana huɗu bayansa, da kuɗin motar da ta kai ni kasuwa, da hayar ɗakin horo. Wallahi dariya na yi, irin wadda ba ta da daɗi. Na roƙi ɗaya daga cikin matan da na koya wa aiki ta je ta gaya wa Sarki, kuma Allah ya saka mata, ta ajiye kwandonta ta tafi. Daga baya na ji abin da ya faru. Ana cikin loda wa Madam wasu buhuna, Sarki ya ɗaga sandarsa, 'yan dako suka sauke abin da ke kansu suka zauna. Ba a yi awa biyu ba sai ga ta a buro tana haki. Ta fizge littafin daga hannun akawu, ta yage sabon shafin, ta dunƙule ta jefa mini a ƙirji, ta nuna ƙofa.

Baba Tanimu ya rako ni har ƙofar ƙarfe ta ciki, inda iyakarsa take. Na ce wa zai ci da baƙi yanzu? Ya ce rabin garin rogonsa na nan kamar da. Ya ce in na wuce ta Gobir in gaishe masa da ita, ko daga kan mota ne. Na riƙe hannunsa har gandiroba ya raba mu.

Da gudu na isa kasuwa, ina ganin da sauran lokaci don rana ba ta kai tsaka ba. Sarki ya miƙo mini salularsa ya ce, “Yi maza, agogon gida na gaba da namu da awa guda.” Na buga, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Wani direba ya karɓa ya danna mini lambar. A karo na uku aka ɗauka, na ji muryoyin dattawa a bayansa.

“Yaya, ni na! Na hito! Ina waje!”

“Wa ya biya?”

“Ba wanda ya biya. Kun sa hannu?”

“Kuɗɗi na bisa tabarma, ana ƙidaya. Nomau, kak ka yi mani ƙarya don garka.”

Na miƙa wa Sarki salular. Ya faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu a Dogarawa, ya ce ga yaro a gabansa, ba ankwa ba bashi. Ya dawo mini da ita. Na ji Haruna ya yi gyaran murya ya ce wa mutanen zauren, “Ku yi haƙuri da tashin da munka yi muku. Alhaji, tattara kuɗɗinka. Babu ciniki.” A tsakiyar kasuwa na zauna a ƙasa na yi kuka, 'yan dako suna ihu suna dukan buhuna, har ɗan Galmin nan da na ƙi motarsa ya zo ya ɗaga ni.

A motar da na zaɓa na dawo, wannan karon a cikin bodi ba komai sai buhunan wofi. Ban zo da injin ba, ban zo da tsaraba ba, rigar jikina ma Sarki ya ba ni. Da na sauka Badagishiri ban nufi gida ba, kwari na gangara. Haruna yana bakin rijiya. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Ka rame.” Na ce, “Kai ma.” Sai na hangi wani sabon turke a kusurwar garka ta gabas, an shafa masa jan fenti. Na tambaya, ya ce Alhaji Mudi ne ya aiko aka kafa tun kafin ranar zaure, don ya riga ya ɗauka tasa ce, shi kuma nauyin maƙwabtaka ya hana shi cirewa.

Ni ban ji nauyin kowa ba. Na kama shi da hannu biyu na girgiza har ya fito, na saɓa a kafaɗa, na ratsa garin da shi kowa na gani. Inna tana tsakar gida tana haɗa murhu lokacin da na yi sallama. Kafin ta gama salati na ajiye shi a gabanta na ce, “Inna, ga icce. A tuƙa mani tuwon hatsi.”